Wata ɗaya a Xiaobei: otal ɗin wata ko ɗakin dilali?

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kama otal ɗin nan mai karɓar kuɗin wata, ka rabu da ɗakin da dilali ya turo maka hotonsa, tunda ka ce tsakanin biyun nan kake wasi-wasi na wata ɗayan da za ka yi a birnin Gwanzu (Guangzhou) na Chaina. Na zauna a duka biyun a unguwar Xiaobei ɗin, wadda za ka ji ana kiranta Shawbe, ɗaya har yau ina yi wa mutanen wurin fatan alheri, ɗayan kuwa kuɗina da na bari a can har yanzu yana min ciwo.

Kafin a zo maganar gado da banɗaki akwai maganar takarda, kuma a wurina ita ce ta raba gardamar. Dokar shige da fice ta Chaina wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2013 ta ce duk baƙo sai an yi rajistar inda yake kwana. In a otal ka sauka su ne da alhakin yi maka, kana miƙa fasfo a kanta suna ɗaukar hotonsa shikenan bayaninka ya tafi wurin 'yan sanda kai kana can kana hawa lif. In kuma gidan haya ne ko gidan aboki, to cikin awa 24 sai kai ko wanda ya sauke ka ya yi rajistar a ofishin 'yan sandan unguwar, kuma ba fasfo kaɗai za ka riƙe ba, za su nemi takardar haya da kwafin katin shaidar mai gidan, sau da yawa har da takardar mallakar gidan. Wanda bai yi ba ana masa gargaɗi kuma ana iya cin tararsa har yuan 2,000. Xiaobei kuwa ba unguwar da ake sakaci da wannan ba ce, don baƙi sun yi yawa, 'yan Afirka ta Yamma da na Gabas da Larabawa ga Musulman Chaina masu gidajen abinci na halal, saboda haka tsayar da mutum a ce ya nuna fasfo ba baƙon abu ba ne a can.

Inda na ji daɗi irin otal ɗin nan ne da ɗakunansa suke kamar na gida, akwai ɗan firji da injin wanki da wurin ɗora tukunya ɗaya, amma a ƙasa akwai kanta da ma'aikata dare da rana. Daren da na iso jikina duk ya mutu, wata mata mai ɗan shekaru ce a kantar, ba ta jin Turanci sosai ni kuma ba na jin yarensu, da waya muka dinga fassara wa juna, ta karɓi fasfona ta gama abin da za ta yi sannan ban ma tambaya ba ta buga min takardar rajistar ta sa hatimi ta ninke ta saka min a cikin fasfon, tana nuna min da hannu wai kar in raba su. Kwana huɗu bayan nan ina fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa aka tsayar da mu mu uku, na miƙa fasfo da takardar nan, ko minti biyu ban yi ba aka miƙo min na wuce, sauran biyun kuwa na bar su a tsaye suna ta kiran waya. Wallahi da na koma sai da na tsaya a kantar na yi mata godiya. Ita ce kuma ta rubuta min adireshin wurin da rubutunsu a kan kati don in dinga nuna wa direban tasi, saboda in ka furta sunan titi da bakinka sau da yawa ba sa ganewa.

A sati na biyu zazzaɓi ya kama ni, irin wanda ko tashi ɗebo ruwa ba ka iyawa, mai gadin dare ne ya lura ban fito ba tun safe ya zo ya ƙwanƙwasa, ya kawo min ruwan zafi a fulas, da gari ya waye suka kira min mota suka rubuta wa direban sunan asibitin da za a kai ni. Mutum yana ƙasar da ba shi da kowa, a ce akwai wanda zai san bai fito ba yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne Alhaji, kuma ba ya fitowa a hoton ɗaki.

Sannan ga maganar kaya, wadda na san kai ma za ta shafe ka. Duk wanda ya je sari ya san samfur da ƙananan katan-katan haka za su yi ta zuwa maka daga masu shaguna kana can kana yawon kasuwa, to a otal kantar ce take karɓa ta ajiye ta rubuta lambar ɗakinka a jiki, da yamma ka zo ka kwashe. Ni har wani ɗan sito suka ba ni na tara kayana kafin masu kago su zo su ɗauka, ba su ƙara min ko yuan ɗaya ba. Ba na cewa ko'ina haka za a yi maka, amma ka tambaya tun kafin ka biya, da yawa sun saba da 'yan kasuwa.

Ba zan ɓoye maka ba, a kuɗin wata zalla otal ya fi tsada, kuma ɗakin ya fi ƙanƙanta, in ka buɗe manyan akwatuna biyu wurin shimfiɗa sallaya kawai zai rage maka. Wasu kuma kuɗin wuta daban ne ba ya cikin kuɗin wata, kuma irin gine-ginen nan yawanci a farashin 'yan kasuwa ake lissafa musu wuta da ruwa wanda ya fi na gidajen zama, ga Gwanzu da zafi mai ɗanko daga wajen Mayu har Satumba, esi ba ya hutawa. Don haka ka tambaya ƙarara ko wuta tana ciki, in ba ta ciki ka ɗauki hoton mita ranar da ka shiga. Amma ka yi ciniki, farashin da ka gani a Trip.com, shafin kama otal ta intanet, na kwana ɗaya ne, in ka tsaya a gabansu ka ce kwana talatin za ka yi ana saukowa sosai.

Ɗakin dilali kuwa ya fi faɗi kuma a baki ya fi araha, iyakar alherin da zan faɗa a kansa kenan. Al'adar haya a garin ita ce ka ajiye kuɗin wata biyu a matsayin jingina ka biya na wata ɗaya, ga la'adar dilali a kai, kuma yawanci masu gida shekara suke so, to wanda zai yarda ya ba ka na wata ɗaya tak sau da yawa ba mai gidan ba ne, shi ma haya ya kama yana sake bayarwa. Nawa haka ya kasance, da na ce a ba ni takardun zuwa rajista sai aka fara gobe jibi, mai gidan na ainihi bai ma san da ni ba, a kwana na uku na kwashe kayana na fita kuma kuɗin jinginar bai dawo ba.

Ba ka tambayi wannan ba amma sai na faɗa, don abin yana ƙona min rai. Akwai dilalai marasa tsoron Allah a harkar nan, kuma abin takaicin wasu daga cikinsu 'yan'uwanmu ne baƙi da suka daɗe a garin, za su yi maka magana da harshen da kake ji su kira ka ɗan'uwa har zuciyarka ta kwanta. Salon nasu kusan ɗaya ne. Za a turo maka hoton ɗaki mai haske da taga babba, a ce mutum uku suna nema in ba ka tura kafin alƙalami yau ba ya tafi, kai kuma kana gida ko jirgi ba ka hau ba. In ka iso sai a ce ai wancan an riga an kama amma ga wani irinsa, a shiga da kai lungunan Dengfeng inda gine-gine suke manne da juna har 'yan garin suna ce musu gidajen musabaha, don ta taga za ka iya miƙa wa na ɗaya ginin hannu, rana ba ta shiga, bene hawa shida babu lif kai kuma ga katan. Wani zai ce maka rajista ba dole ba ce shi shekararsa nawa ba wanda ya tambaye shi, wani kuma zai ce ka kawo fasfonka shi zai je ya yi maka. Kar ka bar fasfonka ya kwana a hannun kowa. Kar ka tura wa dilali ko sisi kan ɗakin da ƙafarka ba ta taka ba, kuma duk wanda ya ce maka ya ga gidan a Airbnb, manhajar hayar gidaje ta intanet, ka sani sun daina harkar gidajen cikin Chaina tun Yulin 2022. In har wani dalili ya sa dole sai hayar, tambaya ɗaya za ka yi: mai gidan zai bi ni ofishin 'yan sanda yau da takardunsa? In aka fara kame-kame ka ɗauki jakarka. Ba duka ne haka ba, akwai na kirki da suke taimakon mutane tsakani da Allah, amma sabon zuwa ba shi da yadda zai bambance su daga hoton WeChat, manhajar hira ta Chaina.

Takardar rajistar nan kuma tana da wani amfani a gaba. Wata ɗaya a harkar sari ba ya cika tsayawa wata ɗaya, masana'anta za ta ce kaya sai nan da kwana goma, in kwana 30 aka rubuta maka a biza to ka shiga lissafi. Neman ƙarin kwanaki ana yinsa ne akalla kwana 7 kafin wa'adinka ya cika, kuma takardar rajistar masauki tana cikin abin da za a fara nema. Wanda ya wuce wa'adi ana iya cin tararsa yuan 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Ka ga wanda ya zauna a ɗakin da ba a yi masa rajista ba ya ɗaure kansa ta nan ma.

Ka duba kuma wane wata za ka je. Baje kolin Canton da ake yi tun 1957 yana zuwa sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sai kuma tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kashi uku ake raba shi, kuma duk da a Pazhou ake yi can gefen kogi, farashin otal na garin gaba ɗaya tashi yake. In watanka ya faɗa ciki to a rubuta maka farashin kwana talatin ɗin a risit tun ranar farko, kar a zo tsakiyar zama a ce yanzu lokacin baje koli ne an ƙara. In kuma wajen Maris ne, akwai wani irin danshi da yake saukar musu har bango da tayil su dinga gumi, kayan da ka shanya ba sa bushewa, fata da yadi suna yin fumfuna, ka nemi hawa na sama kar ka yarda da na ƙasa, musamman in a ɗakin za ka tara kaya.

Wuri kuma ka tsaya kusa da tashar Xiaobei ta jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5, tafiyar ƙafa kar ta wuce minti goma. Tasha ɗaya ce tsakaninka da babbar tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu inda kasuwannin tufafi irin su Baima suke, daga nan ka canja zuwa layi na 2, gaba ɗaya tasha kana Sanyuanli wurin jakunkuna da kayan fata, baya ɗaya tasha kuma kana Yuexiu Park inda za ka sauka ranar Juma'a ka taka zuwa masallacin Xianxian, wanda ake danganta kabarin da ke cikinsa ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Ginin Tianxiu da ya shahara da ofisoshin 'yan kasuwar Afirka shi ma nan kusa yake. Kuma tun kana gida ka sauke WeChat da Alipay, manhajar biyan kuɗi, ka haɗa da katinka na banki, don WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, masu otal ɗin ma ta WeChat za su dinga yi maka magana.

Abin da za ka yi shi ne ka kama kwana uku kawai ta Trip.com kafin ka tashi, ka aika musu saƙo su tabbatar maka suna karɓar fasfon ƙasarka, don duk da hukumomi sun sanar a 2024 cewa otal ba shi da hurumin korar baƙo da hujjar ba shi da izinin saukar 'yan waje, har yanzu ana samun ƙananan da suke noƙewa. In ka isa ka kwana biyu ka ga ruwan zafi yana zuwa, esi yana aiki, hayaniyar titi ba ta hana ka barci, an kuma ba ka takardarka mai hatimi, sai ka sauko kanta ka yi cinikin sauran kwana 27 ɗin, ka biya a nan hannu da hannu a ba ka risit mai ɗauke da kuɗin jinginar a rubuce. Allah ya kai ka lafiya Alhaji, ya sa a yi kasuwa mai albarka.