Shagon turi na Mabera: aiki ya yi kyau, amma gyaran da suke sa ma mutane a memori ya dame ni

Salamu alaikum jama'a. Abokai sun sha tambayata inda nake kai memori a yi mani turin fina-finan da iyali ke kallo, to ga bayanin wurin, mai daɗin da marar daɗin duka. Shagon nan Mabera yake cikin garin Sakkwato, bakin titi, tsakanin mai cajin waya da mai sai da lemu. Ba zan faɗi suna ba don akwai ƙorafi cikin maganata, kuma yaron halaliyarshi yake nema, ba tozarta shi na zo yi ba.

Ta fannin aiki wallahi ba ni da abin cewa sai sambarka. Laftof biyu gare shi da manyan memori irin na kwamfuta cike da kaya, na Kano, na Indiya fassarar Hausa, masu dogon zango, wa'azi, karatun Alƙur'ani, katun na yara, kuma ya sa sola don haka ko Nepa sun ɗauke wuta ba ruwanshi, ba za a ce maka je ka dawo ba. Fim guda naira ɗari, mai dogon zango kuma ku daidaita, yana karɓar taransifa. Hoto garau, murya ba ta riga baki ba ta bin baya, kuma tunda nake zuwa bai taɓa sa mani bairos ba, wanda duk mai kai waya turi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne amana, in ka ba shi waya gabanka zai jona ta, ba ya buɗe hotunan mutane, shi ya sa za ka ga mata na aiko yara da wayoyinsu hankali kwance. Kuma na ga da idona ya kori wani matashi da ya zo neman fim ɗin banza. Allah shi saka mashi.

To ina matsalar take? Gyara. Duk wanda ya yi turi sai ya ƙara mashi wata folda kyauta wadda ya cika da guntayen barkwanci, minti biyar minti goma, ba ya ma tambaya, kai dai ka isa gida ka tarar da ita. Kuma ita yara ke fara buɗewa. Da na zauna na duba abin da ke ciki, mafi yawa dariyar a kan mutum biyar take: mai taɓin hankali, makaho, kurma, mai i'ina da wada. Ga wani an shafa mashi baƙin mai ya sa tsummokara ya rataya gwangwanaye yana bin yara da gudu, ga wani wai makaho ne yana bara da an yar da kuɗi sai ya buɗe ido ya ɗauka, ga kurma ana ta yi mashi ihu a kunne yana amsa abin da ba shi anka tambaya ba, mai i'ina kuwa ba a ma bari ya ƙarasa magana sai a sa sautin dariyar nan ta inji. Ba labari, ba komai, lalurar ita ce wasan gaba ɗaya.

Ni abin ga ya shafe ni kai tsaye. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana da lalurar ƙwaƙwalwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware muke kai shi ganin likita, yana shan magani, kuma alhamdu lillahi yana ɗinkinshi a shago, yana salla cikin jam'i, yana da mata da ɗiya. In ka gan shi ba ka taɓa cewa ga abin da ke damunshi. Irinshi su ne sunka fi yawa cikin masu wagga lalura, amma ka taɓa ganin irinshi a fim? Ni dai ban gani ba. Na fim kullum kan bola yake, gashi a cukurkuɗe, da sanda a hannu. Sai yaro ya tashi da sanin cewa duk wanda anka ce yana zuwa Kware to wancan na kan bolan ne, har ya zama abin da yara ke zagin juna da shi in sun yi faɗa. Wannan ne ke sa iyali su ɓoye marar lafiya cikin ɗaki shekara da shekaru, gara a ce iska ce da a ce an gan su a layin asibiti, don suna tsoron a ƙi auren ɗiyansu mata.

Kuma ba guntayen barkwanci kaɗai ba, har manyan fina-finan da na biya kuɗi anka tura mani, na nan gida da na waje, hanya guda suke bi. Dalilin ciwon ba ya wuce uku: kishiya ta yi asiri, ko aljani ya shiga, ko kuma mugun da ke cikin labarin ne Allah ya kama shi a ƙarshe sai ya tuɓe riga ya shiga kasuwa. Wanga na ukun shi ya fi yi mani ciwo, don ma'anarshi ciwon sakayya ce, duk wanda ya same shi akwai abin da ya shuka. Ƙanena mi ya shuka? Yaro ne mai kunya da ko kaza bai iya yankawa. Sannan waraka ita ma fitowa guda ce, a tofa ruwa a watsa mashi ya yi atishawa ya ce ina nake, shi ke nan an wuce wurin. Kar wani ya juya mani magana, ni musulmi ne, na yarda da addu'a da ruƙiyya ta shari'a kuma muna yi. Amma mu da munka yi jinya mun san abin wata da watanni ne, a gwada magani a canza, a daidaita yawanshi, wani ya sa barci wani ya sa ƙiba ko rawar hannu, a koma a faɗa ma likita, kuma babban haɗari shi ne mutum ya ji sauƙi ya aje maganin da kanshi ciwon ya dawo. Fim bai taɓa nuna wannan ba, shi ya sa dangi ke zuwa dubiya su ce har yanzu ana shan ƙwayoyin nan? ku bari mana tunda ya warke.

Akwai kuma na shaye-shaye. Tun wajen 2018 da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin fina-finan faɗakarwa sunka yi yawa a kan haka, kuma sun kyauta, matsala ce ta gaske a garin ga. Sai dai yadda ake haɗa su yanzu ya sa duk matashin da ya samu lalura sai a ce ai ƙwaya ce. Ba kowa ba. Akwai na gado, akwai wanda tashin hankali ya jawo, ka dubi mutanenmu na gabashin jiha wajen Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga sunka raba da gidajensu, wanda ya ga an kashe nashi gabanshi ina barci ina natsuwa? Akwai mace da ke shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa ta kasa ko ba jariri nono, a ce mata raki ne ko mayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum 1 cikin 8 a duniya na da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa damuwa da fargaba. Mutum 1 cikin 8 fa, ka ƙirga mutanen gidanku. Ga labarai nan jibge da za a yi fim mai taɓa zuciya da su, amma an fi son gwangwani da tsumma.

Farfaɗiya ma haka. Na ga wani fim da yarinya ta faɗi kowa ya watse wai kar miyau ya taɓa shi, kuma fim ɗin ya ƙare ba wanda ya gyara maganar. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Abin da ake so a janye abin da zai ji ma mutum ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa mashi cokali a baki. Fitowa guda ta minti ɗaya za ta koya ma dubban gidaje wannan.

Masu buƙata ta musamman kuwa a fim bara ce sana'arsu, ba wata. Alhali nan Sakkwato muna da makarantar A.A. Raji inda makafi da kurame ke karatu, muna da guragu masu gyaran waya, masu ɗinkin takalmi, masu koyarwa, muna da makafi mahaddata. Mu da munka tashi da tarihin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho mai kiran salla wanda Manzon Allah (SAW) ya riƙa bar ma Madina in zai fita, wanda saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ban san yadda anka yi makaho ya koma abin tsokana a allonmu ba. Kuma ko rawar tasu ba su ake ba, mai ido ne zai sa baƙin gilashi, mai ƙafa ne zai hau keke, ƙarshen fim kuma ya miƙe tsaye don ya ga masoyiyarshi, kamar labari ba ya daɗi sai nakasar ta tafi. Wanda shan inna ya kama tun yana yaro ba zai miƙe ba, kuma rayuwarshi ba ta tsaya jiran hakan ba. A Amurka a 2022 wani kurma na gaske, Troy Kotsur, ya ci kyautar Oscar da rawar kurma da ya taka da maganar hannu. Mu ma akwai masu basirar, ƙofa ce ba a buɗe masu ba.

Don adalci, shagon na da masu kyau in ka san abin da za ka tambaya. Shi ya tura mani na Aamir Khan ɗin nan na 2007, Taare Zameen Par, kan yaron da harufa ke rikice mawa ana ta ce mashi daƙiƙi, maiɗakina da ke koyarwa a firamare sai da ta yi hawaye don ta ce tana da irinshi a aji. Sai dai can ƙasan wata folda yake, ba wanda zai ba ka shi gyara.

Na yi ma mai shagon magana ranar da ba mutane. Na ce mashi, ka san abin da kake zuba ma yaran mutane kuwa? Ya ce wallahi Yaya ni ban ɗauke shi komai ba, shi mutane ke so, in ban sa ba sai su ce na yi rowa. Na yarda da shi, ba mugunta ba ce, kuma ba shi ya shirya fina-finan ba. Amma a unguwa irin tamu inda data ta yi tsada, mai turi shi ke zaɓa ma gidaje da yawa abin da za su kalla da dare, ya fi gidan talabijin ƙarfi. Da na ba shi labarin ƙanena ya yi shiru, ya ba ni haƙuri, kuma tun daga nan yana tambayata kafin ya ƙara komai. Foldar dai tana nan, sauran mutane ana sa masu.

Ƙorafi na biyu ƙofar shagon. Kwalbati ne a gaba an ɗora katako siriri, sannan matakala masu tsawo, mai keken guragu ba ya da hanyar shiga sai dai ya tsaya cikin rana ya miƙa waya a shiga da ita, ga zafin Sakkwato. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya wuce. Ban ce a zo a kama ɗan ƙaramin shago ba, amma faffaɗan katako da ɗan siminti ba za su karya jari ba. Haka dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da anka sa ma hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958, a takarda an ci gaba, a cikin memorin yaranmu har yanzu muna can baya. Na uku, kurame na zuwa shagon sosai, na sha tarar da su, abin da suke nema fim mai rubutu a ƙasa, shi kuma bai ware su ba, sai an yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana dubawa, layi ya taru ana tsaki. Folda guda zai buɗe ya tara su ciki magana ta ƙare, na faɗa mashi ya ce zai yi, har yanzu dai bai yi ba.

In maki zan ba da, aiki da amana tara cikin goma, zaɓin abin da ake ba mutane huɗu. Zan ci gaba da zuwa kuma ina tura mutane. In za ku je ku je da kanku kar ku aiki yaro, ku ce ba ku son gyara ko ku zaɓi gyaran da kanku, akwai katun da karatu, kuma ku duba memorin kafin ku miƙa ma yara. Da hantsi ya fi sauƙin layi, bayan la'asar cika yake yi, ran Juma'a kuma sai an sauko masallaci yake buɗewa.