Iya jawabi ko sanin halin mai saye: wanne za ka biya kuɗin koyo?

Malam, ka ce sana'arka haɗa wa mutane wutar sola, kuɗin kwas ɗaya kake da shi, ga kuma biyu a gabanka: ɗaya na koyon jawabi a gaban jama'a, ɗaya na sanin yadda halayyar ɗan Adam take juya shawararsa ta saye. A ƙarshen tambayar ka ƙara wata magana wadda a wurina ita ce rabin amsar. Ka ce kana zuwa taron ƙungiyar 'yan kasuwa da ta malaman makaranta, ka yi bayani, a ce maka madalla, za mu neme ka, daga nan sai shiru.

Kwas na jawabi kai yake gyarawa. Dale Carnegie ya fara koyar da shi a birnin New York a 1912, Ralph Smedley kuma ya kafa ƙungiyar Toastmasters a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a 1924, kuma har yau hanyarsu ba ta sauya sosai ba. Za ka tashi ka yi magana, wani yana riƙe da agogo, wani yana ƙirga sau nawa ka ce "am" ko "eh to", wani lokaci a jefo maka tambaya ba shiri a ce ka amsa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Abin da yake warkarwa shi ne faɗuwar gaba, rawar murya, da kewaye-kewayen da ke sa mai sauraro ya koma kan wayarsa. Attajirin Amurka Warren Buffett ya sha faɗa cewa yana saurayi tsoron magana a bainar jama'a ya dame shi, ya biya dala 100 ya yi kwas na Carnegie, kuma takardar shaidar kwas ɗin ce ya rataya a ofishinsa.

Ɗaya kwas ɗin hankalinsa yana kan wanda ya riga ya gamsu da maganarka amma bai miƙa hannu aljihu ba. Tushensa binciken Daniel Kahneman da Amos Tversky ne, waɗanda a 1979 suka nuna cewa mutum yana jin zafin asara fiye da daɗin riba mai girma ɗaya da ita, kuma daga baya aka kiyasta bambancin ya kai kusan ninki biyu. Gwamnatin Birtaniya ta kafa wani sashe na musamman a 2010 don amfani da irin wannan ilimi, inda suka sauya lafazin wasiƙar haraji, suka sanar da wanda bai biya ba cewa mutum tara cikin goma sun biya a kan lokaci, kuma biyan ya ƙaru. A wani babban kamfani na Amurka, Brigitte Madrian da Dennis Shea sun ruwaito a 2001 cewa da aka daina jiran sabon ma'aikaci ya cika fom na ajiyar fansho, aka saka shi kai tsaye sai in ya ce ba ya so, masu shiga sun tashi daga kashi 49 zuwa kashi 86 cikin ɗari. Babu wanda ya yi musu lacca. Fom kawai aka juya.

Misalin da ya fi kama da halin da kake ciki daga yammacin Kenya ya fito. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun tarar manoma sun san amfanin takin zamani, suna cewa za su saya, amma idan lokacin zuba shi ya zo sai ka ji babu kuɗi. Masu binciken ba su ƙara wa manoman bayani ba. Sun je musu jim kaɗan bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannu, suka ce ku biya yanzu a kan farashinsa, za a kawo muku har gida kyauta. Ƙaruwar masu amfani da takin ta yi daidai da wadda aka samu da aka rage rabin farashi daga baya a cikin damina. Ka duba mutanenka da wannan idon. Malamin makarantar da ka yi wa bayani ran sha biyar ga wata bai ƙaryata ka ba, albashinsa ne ya ƙare, kafin na gaba ya shigo kuma maganar ta yi sanyi, ga kuɗin makarantar yara, ga bikin dangi. In ka iya jawabi ninki goma, hakan ba zai sa masa kuɗi a aljihu ran sha biyar ba. Abin da zai yi aiki shi ne ka sa taron ya faɗo a makon albashi, ka zo da takardar da mutum zai rubuta sunansa nan take ya ba da ɗan kafin alƙalami, ka rage nau'o'in kayan zuwa uku maimakon jerin batura da faranti da zai ruɗa shi, sannan ka zauna da shi ku lissafa abin da fetur ɗin janareta ke cinye masa kowane wata. Wannan lissafin asara ce da yake gani da idonsa, ta fi alƙawarin sauƙin da zai samu nan da shekara uku ƙarfi.

Ko a kasuwanninmu ba baƙon ilimi ba ne, sunansa ne kawai sabo. Mai atamfa a Kantin Kwari ya san farashin da ya fara faɗa shi ne turken da ciniki zai kewaya, mai awo ta san gyara tana dawo da mai saye, adashi kuma dabara ce ta ɗaure hannunka don kada ka ci kuɗinka da kanka. Ƙungiyar malaman nan za ta iya yin adashin sola, kowane wata a haɗa wa mutum ɗaya.

Akwai inda jawabi ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ranar da za ka tsaya gaban kwamitin banki, ko shugabannin asibitin da ke son a haɗa musu wutar miliyoyin naira, ba tsarin fom suke aunawa ba. Kai suke aunawa: ka san aikinka, za ka ɗaga waya idan batir ya mutu bayan wata shida? Shawara babba da ake yankewa sau ɗaya, amana ce ke ɗaukar ta, kuma a bakinka ake jin ta. Haka ma ranar da aiki ya ɓaci, ka je ba da haƙuri. Sai dai in mai koyarwa ya ce maka kalmomi kashi 7 ne kawai na saƙo, sauran murya ce da motsin jiki, ka yi hattara da shi. Gwajin Albert Mehrabian na 1967 da aka ciro wannan adadi a kan kalma guda ne da yadda take nuna so ko ƙi, bai shafi bayanin farashi da garanti ba.

Shi ma ilimin halayya ana zuzuta shi fiye da kima. Stefano DellaVigna da Elizabeth Linos sun kwatanta sakamakon da ake bugawa a mujallun jami'a da wanda hukumomi suka samu a aikace a Amurka. A mujallu dabarun suna ƙara masu amsawa da kusan mutum 9 cikin ɗari, a aikace kuwa ƙarin bai kai mutum 2 ba. Ƙari ne na gaske, mai araha, amma duk wanda ya ce zai ninka maka ciniki cikin wata guda, kuɗinka yake so.

Dukansu biyu suna iya zama makamin cuta, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. Manzon Allah (SAW) ya ce lallai daga cikin bayani akwai sihiri, ya kuma hana najashi, wato mutum ya ƙara farashin kaya ba don yana son saye ba sai don ya ruɗi wani. Rubuta "saura biyu" alhali shagonka cike yake, ko ƙirƙiro yabon abokan ciniki da babu su, ruɗi ne irin wannan. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai kamfanin sayar da kaya ta intanet na Amazon kotu a 2023 kan tsara shafinsa yadda shiga tsarinsa na Prime, wanda ake biyan kuɗi don zama mamba, ke da sauƙi, fita kuma da wahala, aka sasanta a 2025 kan dala biliyan 2.5. Kai da ke sana'a a garin da kowa ya san gidanku, mutuncinka za ka biya da shi. In za ka ce malamai goma a makarantar sun haɗa sola, to su kasance goma ɗin, kuma a iya zuwa a gani.

Da ni ne kai, na biyun zan biya, bisa sharaɗi ɗaya: ka tambayi mai koyarwar ko zai nuna maka yadda ake gwada dabara a ƙirga sakamakonta, in ya kasa amsawa ka riƙe kuɗinka. Mutanen da ke ce maka madalla sun riga sun shaida cewa bakinka na aiki. Abin da ya rage na gogewa za ka same shi kyauta, ka ɗauki bayaninka a waya ka saurara, ka sa aboki ya riƙe maka agogo har ka iya gama shi cikin minti biyar. Kafin ma ka biya kowa, yi taro biyu a wata mai zuwa da bayani iri ɗaya, ɗaya a tsakiyar wata yadda ka saba, ɗaya a makon albashi da takardar rubuta suna a hannunka, sannan ka zo mana da adadin waɗanda suka ba da kafin alƙalami a kowanne.