Wasiƙa Daga Ohayo: Rinin Roba da Rinin Karofi

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yara da duk mutanen gida. Ki gaishe min da Kawu, ki ce masa rabin wasiƙar nan tasa ce, a karanta masa bayan la'asar idan ya zauna a zaure.

Kin ga hotona a Facebook da hannu shuɗi har gwiwa, kika tambaya ko na koma marina ne. To, kusan haka ne. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni ƙungiyarsu ta mata masu ɗinka abin da suke kira kwilt. Hawa uku ne: ƙyallayen da aka harhaɗa a sama, auduga a tsakiya, yadi a ƙasa, sannan a bi da ɗinki a kama su wuri ɗaya. Ranar da na fara gani na ce musu ai wannan lifidi ne, irin wanda ake sa wa dawaki ranar Hawan Daushe. Na nuna musu hoto a waya, suka yi ta mamaki. Nasu asalinsa abin lulluɓa ne da sanyi, daga baya wasu suka mai da shi abin ratayewa a bango. A garin Atens, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Kolombus ta jihar Ohayo a nan Amurka, inda muke, akwai wani tsohon garken shanun madara da aka mayar gidan baje koli, kuma tun 1979 duk bayan shekara biyu ake baje irin wannan aiki a can. Mafi yawan matan da nake zama da su ba su cika sayen yadi mai launi ba, fari suke saya su rina da kansu. Daga nan na shiga ciki.

Bari in fara da yadi, don shi ya fara ba ni dariya. Mu da muka saba da turmi mai yadi 6, a nan sai ki ga mace ta shiga kanti ta sayi ƙyalle mai inci 18 a 22, an naɗe mata shi an ɗaure da zare kamar alewa. Irin abin da telan Tudun Wada zai share da tsintsiya idan zai tashi. Yadi ɗaya na auduga mai kyau kuwa ya haura dala 10, ki buga da naira ki gani. Amma in faɗi gaskiya, abin da aka rubuta a jikin kaya shi ne a ciki. In an ce auduga zalla, auduga ce zalla. Har akwai farin yadi na musamman da ba a sa masa sitaci ko maganin ƙara haske ba, don rini kawai aka yi shi. Ki tuna farar shaddar da muka saya a kasuwar Sabon Gari, mai kanti yana ta rantsuwa, muka kai rini ta fito da dabbare-dabbare saboda rabinta roba ce? A nan ba sai kin ƙyasta ashana a gefen yadi kin shinshina ba.

Galurarsu ita ma sai dai a yaba. Wadda aka fi amfani da ita sunanta Procion MX, wani kamfanin Ingila ne ya fara fito da irinta a 1956. Gari ce a 'yar roba, kowace kala da sunanta da lambarta. Ba a dafa ta. Za ki jiƙa yadin a ruwan wata farar soda ta wanki, kofi ɗaya a galan ɗaya, na minti 20, ki matse, ki zuba galurar da kika dama, ki ƙunshe a leda ya kwana ya yini. Sodar ce ke sa launin ya kama zaren audugar ya zama jiki ɗaya da shi, shi ya sa idan kin wanke ragowar, ba ya sake zuba. Na haɗa jan ƙyalle da farar rigar maigidan a injin wanki da gangan, rigar ta fito fes. Bai san an yi ba, kada ki faɗa masa. Kuma idan roba ta ƙare, ki koma intanet ki danna lambar nan, cikin 'yan kwanaki a ajiye miki a ƙofar gida, kalar ba ta kauce ko kaɗan ba. Mu kuwa kin sani, ki ce wa marini ruwan goro, yau ya ba ki ruwan goro, gobe ya ba ki ruwan ƙasa, ya ce ai idonki ne.

Sai dai sanyi ya koya min hankali. Galurar nan tana son ɗumi, aƙalla digiri 21 a ma'aunin Selsiyas. A watan Janairu na rina yadi 4 na ajiye a garejin mota, washegari na wanke, ja ya koma kamar ruwan wankin nama. Duk ya bi rariya. Da a tsakar gidanmu ne a watan Afrilu, rana kaɗai ta isa. Amma matan nan ba su bar sanyin ya tafi a banza ba: sukan cukuikuye yadi a kwando, su tula masa dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa, su barbaɗa garin galura a kai. Tana narkewa tana rarraba launin, baƙi ɗaya sai ya fashe ya ba ki shuɗi da ja da ruwan toka, kamar fure. Wannan kam ya burge ni, ko da yake na san ba abin da za ki gwada ba ne, ƙanƙarar da ake samu ta zoɓo ce. Kuma ana ɗaure hanci da takunkumi kafin a buɗe robar, garin ba ya shiri da huhu.

Fenti kuwa ban daɗe a kansa ba. Ana shafa shi da buroshi, ya bushe, a bi da dutsen guga don ya zauna. A saman yadi yake kwanciya, idan ya yi kauri yadin ya sandare, allura tana shiga tana ƙara. Dabara ɗaya na ɗauka: a shafa fenti mai ruwa-ruwa, a jera ganyaye a kai, a shanya a rana, inda ganye ya rufe ya fito da haske. Ki sa yara su gwada da ganyen dalbejiya.

Yanzu ga rabon Kawu. Shuɗi ne ya tona asirin kantinsu. Suna sayar da shuni a kwali, da sodarsa da maganin da ke narkar da shi, ki zuba a bokiti, kafin awa ɗaya ya tashi. Ba na ganyen baba ba ne, na masana'anta ne, jikan wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, wato dangin abin da ya cinye kasuwar karofi har namu da ke bayan gidanmu ya koma juji. Aikinsa dai ɗaya ne: ki tsamo yadi kore shar, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a hannunki. Matan suka yi ta tafi. Ni kuwa sai na ji ƙwalla, don na tuna muna yara muna tsugune a bakin karofi, Kawu yana kaɗa muciya yana korarmu kada mu faɗa. Bokitin nan nawa bai yi mako ba ya mutu. Na karanta takardar da ke cikin kwalin daga farko har ƙarshe, na bi awo, ya ɗan farfaɗo ya sake kwanciya. Kawu bai taɓa riƙe ma'auni ba. Baba da toka da katsi yake zubawa, ya jira kwanakinsa, ya dubi kumfa, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana, ya ce yunwa yake ji ko ya ce ya ƙoshi. Karofi ɗaya ya yi ta aiki wata da watanni. A nan akwai masu koyar da irin wannan rini na ganye, ana biyan kuɗi masu kauri don zaman kwana biyu, kuma yawancin abin da suke ambato na Japan ne, har ɗaurin da mu muke gani a kamfala da sunan Japananci suke kiransa. Da na ce musu marinar Ƙofar Mata a Kano ana lissafa ta tun 1498, sai aka miƙo min takarda wai in rubuta musu awon. Nan na yi tsuru-tsuru. Jikar marina, amma ban san ko kwando nawa na baba ke shiga karofi ba.

Bugu kuwa babu shi sam. Sun ga hoton rawanin ɗan Kura yana walƙiya suka ce wane mai aka shafa. Na yi musu bayanin mabuga, maza a jere da guduma a kan gungume, ana buga garin shuni har ya shige cikin yadi. Na ma gwada da muciyar tuwo a kan katako. Ban yi minti 10 ba maƙwabcinmu na ƙasa ya hawo yana tambayar ko lafiya.

Wajen aiki, komai da farashinsa a rubuce. Akwai masu dogon keken ɗinki, tsawonsa ya kusa cika ɗaki, ki kai musu hawa ukun nan su bi miki da ɗinki, su auna tsawo da faɗi su caje ki a kan kowane inci. Ranar da aka ce miki ki zo, ranar za ki karɓa, babu "dawo jibi". Babu kuma ragi, babu bashi, babu wanda zai tambaye ki jikin Inna. Aikin hannu kuwa da awa ake lissafa shi. Na kai musu tsohuwar rigar Baba mai aska takwas, wata dattijuwa ta sa tabarau ta juya cikin rigar tana ƙirga sakin allura, ta tambaye ni wata nawa aka yi ana ɗinkinta da nawa aka biya mai ɗinkin. Na faɗa mata na farko. Na biyun na ji nauyin faɗa, don na san abin da matan cikin birni ke karɓa a kan hular da ta cinye musu ido.

Ina haɗa wani babban kwilt yanzu, mai hoton Ƙofar Doka ta Zariya da ganuwa, sama kuma shuɗi. Ja da ruwan ƙasar na samu a roba, saman ne ya gagara. Don haka idan mai zuwa ya samu a watan gobe, ki haɗo min saƙi ko da ƙyallaye ne, da zaren tsamiya, da rinin karofi na gaske yadi 3, mai duhu da mai haske. Curin baba da karan dafi ki dakata tukuna, kayan tsiro sai an bayyana su a filin jirgi, kada a tsare bawan Allah saboda ni. Ni kuma zan ba shi Procion kala 3, ja da rawaya da shuɗi, sauran duk daga su ake haɗawa, da safar hannu da takunkumi.

Abu mafi girma, ki zaunar da Kawu ki kunna waya ki ɗauki muryarsa. Ki tambaye shi kwando nawa, tokar wane itace, kwana nawa, me yake gani a kumfar. Zai ce ba a aunawa. Ki ce ya nuna da kwanon awo ko da kwatance ne, autarsa ce ta roƙa. Rinin kuma kada ki wanke kafin ki ƙunshe, ki bar min shi da warinsa.