Tsakanin "surrender", "yield" da 'yan uwansu

Wata 'yar uwa da ke shirin jarrabawar WAEC ta tambaya ko "surrender", "yield", "give in" da "give up" duk ma'anarsu ɗaya, tunda ƙamusunta ya fassara su da miƙa wuya. Malama, kusa suke da juna, amma abin da ya raba su shi ne wanda ya fi ƙarfinki da kuma abin da kika sallama masa.

"Surrender", wadda muka ara muke cewa saranda, ita ce mafi nauyi, domin tana nufin ajiye makami da danƙa kai a hannun abokin gaba, sau da yawa a gaban shaidu kuma a rubuce. Ita ake amfani da ita ga Japan, wadda wakilanta suka sa hannu a kan jirgin yaƙin Amurka mai suna Missouri ranar 2 ga Satumba 1945, haka kuma ga Philip Effiong lokacin da ya miƙa Biyafara ga Janar Gowon a Legas a Janairun 1970. Ana kuma iya faɗinta ga wanda kotu ta umarta ya miƙa fasfonsa.

"Yield" ta fi sauƙi, kuma a ganina ita ɗalibai suka fi zalunta. Asalinta a tsohon Turanci biya ne, shi ya sa har yau gona ke "yield" buhu goma na masara, wato ta ba da su. Idan mutum ne ya yi ta, sassautawa ya yi ko kaucewa, ba lallai an ci shi da yaƙi ba. Direban da ya ga allon YIELD a titin Amurka dakatawa yake yi wani ya wuce, babu wanda ya kama shi fursuna.

Sauran biyun na maganar yau da kullum ne. "Give in" ita ce saduda bayan naci: yaro ya yi ta kuka a bakin shago yana jan zanin uwarsa, har ta ba da kai bori ya hau, ta kwance bakin zani ta saya masa alewa. "Give in" tana tafiya da kalmar Turanci "to" kafin sunan mai nacin. "Give up" kuwa haƙura ce da abin da ake yi ko ake nema, ko da babu abokin hamayya, kamar mai barin taba ko wanda ya fid da rai daga neman aiki.

Ki ƙara da "concede", wato amsa shan kaye da baki, kamar yadda Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ranar 31 ga Maris 2015 ya amsa faɗuwa zaɓen shugaban ƙasa. "Succumb" kuma an fi jin ta inda cuta, rauni ko son zuciya ya rinjayi mutum, kuma idan jarida ta ce wani ya "succumb to his injuries", rasuwarsa take sanarwa.