Cibiyar sauraron mata a Maraɗi: abin da na gani

Na raka ƴar ƙanwata wata cibiyar ƙungiyar mata a nan Maraɗi bayan mijinta ya kumbura mata ido. Shekarunta 16, daga lakwal aka cire ta aka yi mata aure.

Matar da ta tarbe mu ba ta tambaye ta me ta yi masa ba, wannan kaɗai ya sanyaya min rai. Ta ba ta ruwa, ta rufe ƙofa, ta ce, "Ƴata, zauna, ba sauri muke ba." Ni kaina sai da yarinyar ta yarda aka bar ni ciki. Ko dala ba su karɓa ba. Wata ma'aikaciyarsu ta raka mu asibiti neman takardar shaidar rauni, wadda ke ƙarfafa ƙara a komsariya. A hanya ta ja kunnenmu: wadda aka yi wa fyaɗe ta je asibiti kafin awa 72, don maganin kariya daga sida ya yi aiki.

Amma ba su da ɗakin kwana. La'asar na yi suke rufewa, alhali tamu da tsakar dare aka duke ta. Wadda ta gudo daga Tibiri ko Madarunfa, ba dangi a gari, ina za ta kwana?