Kafin ka sayi injin CNC, tambayi ko zai bar ka ka ƙara maɓalli

Duk wanda ya yini a gaban injin CNC, wato injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, ya san abin da ke cin rai: ɗaga bakin yanka, mayar da shi sifili, tura kan injin can ƙarshen teburi don a ɗora sabon katako. Sau ashirin a rana kana buga lambobi iri ɗaya. Maɓalli guda zai iya ɗauke maka wannan wahala, sai dai ba kowace ƙwaƙwalwar inji ce ke yarda ka ƙara naka ba, kuma da yawa ba sa tambaya sai an sauke musu kaya.

Manyan injinan China masu teburin 1325 (mita 1.3 da mita 2.5) sau da yawa suna zuwa da rimot na RichAuto A11. Ba ya son kwamfuta, filashi kawai za ka soka, yaron shago ma zai iya riƙe shi cikin kwana biyu. Amma maɓallansa yadda aka ƙera su haka za su zauna. Iyakar dabararka ita ce ka ajiye ɗan gajeren fayil na G-code, wato rubutaccen umarnin da injin ke bi, ka riƙa kiransa.

Mai ƙaramin inji irin 3018 yana kan GRBL ne, manhajar sarrafa inji da ke aiki a kan ƙaramin kati irin Arduino Uno. A nan manhajar turawa, kamar Universal Gcode Sender, ita ke ba ka gurbin rubuta umarni ka sa masa suna, ya fito a allo. Maɓallan hannu kuwa uku ne aka tanada: dakatarwa, ci gaba da sokewa. Ga mai koyo ya isa.

Mach3, wata manhajar sarrafa inji, yana kan Windows, kuma na gwaji yana tsayawa a layi 500 na G-code sai ka biya lasisi. Za ka iya zana maɓalli da MachScreen, ka rubuta masa umarni da yaren kwamfuta na VB. Yana yi, amma tsohon hannu ne, an daina bunƙasa shi, magajinsa Mach4 kuma da wani yare, Lua, yake aiki, rubutunka na baya ba zai bi ka ba.

Ni dai LinuxCNC na zaɓa, kuma shi nake ba mai haƙuri shawara. Kyauta ne. Maɓalli ɗaya yana taɓa fayil uku: ka zana shi a fayil ɗin PyVCP mai tsara maɓallan allo, ka rubuta umarninsa a layin MDI_COMMAND ƙarƙashin sashen HALUI na fayil ɗin INI mai saitin inji, sannan ka ɗaura su da layi guda a fayil ɗin HAL mai haɗa sassa. Ranar farko kai zai yi zafi, maɓalli na biyu kuwa minti biyar ne. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan umarnin dai za ka iya ɗaura shi a maɓallin gaske na roba, ta mashigar kati irin Mesa 7i96, ka danna da hannun da ya sha ƙura ba tare da neman linzamin kwamfuta ba. Ka sani dai ba zai amsa ba sai injin ya nemo gidansa, wato wurin da yake fara awo, kuma ba ya tsakiyar aiki.

Maɓallina na farko G0 X0 Y0 kawai na rubuta masa, wato koma sifili da gudu. Na danna bakin yanka yana cikin katako, ya ja layi a fuskar ƙofar da ta kusa ƙarewa, ya karye ƙas. Tun daga ranar kowane maɓallin tafiya da G53 G0 Z0 yake farawa, a ɗaga sama tukuna.

Cikin kuɗinka ka ware na jan maɓallin tsayawar gaggawa, mai faffaɗan kai kamar lema. Wannan kada ka yarda ya zama na allo. A ja masa wayarsa daban wadda ke yanke wutar motoci kai tsaye, domin kwamfuta tana iya sandarewa alhali bakin yanka yana juyawa.