Wata bakwai ina fama da CS50

Ƙanena ne ya fara ba ni labari, ya ce, "Yaya, karatun Harvard ne fa, kuma ko sisi ba za ka biya ba." Na ɗauka irin romon bakan intanet ne. Ashe da gaske yake. CS50x, wato CS50 na intanet, kwas ne na masu fara koyon ilimin kwamfuta, yana kan dandalin edX da Harvard da MIT suka kafa a 2012. Laccar da malamin kwas ɗin, David Malan, yake yi wa ɗalibansa a zaure ita ake ɗauka a ɗora mana.

Tun a darasin farko ya saye ni. Ya ɗauko katon littafin lambobin waya yana neman suna ɗaya, ya buɗe tsakiya, ya yage rabin da sunan ba ya ciki ya jefar, ya sake raba sauran biyu. Kafin ka ce kwabo ya iso kan shafin. A nan na gane yadda kwamfuta ke lalubo abu cikin dubbai ba tare da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Makon farko wasa ne da Scratch, manhajar koyon ba kwamfuta umarni, kana jan tubala kana haɗawa. Da aka shiga yaren kwamfuta na C sai ido ya raina fata. Akwai aikin Mario, inda za ka gina dala da alamar #. Kwana uku na yi a kansa. Manhajar check50 tana duba aikinka nan take, ta nuna koriyar fuska mai murmushi ko ja mai ɓacin rai, kuma jar nan na gan ta har na gaji. Daga baya yarukan Python da SQL suka zo min da sauƙi, don C ta riga ta gasa ni.

Kyauta ne, amma aljihuna ya ji a jikinsa. Lacca ɗaya takan kai awa biyu, don haka da tsakar dare nake saukewa lokacin da data ke araha. Wurin rubuta aikin ma a intanet yake, sabis na ɗaukewa ka tsaya cak. Waya kaɗai ba za ta kai ka ba, sai da kwamfuta. Turancin Amurka kuma ya fi ƙarfin kunnena, sai na rage gudun bidiyon na kunna rubutun ƙasa.

Wanda ya ci kashi 70 a kowane aiki yana samun takardar shaida kyauta. Akwai ta edX ta biyan dala, ban nema ba.

Aikina na ƙarshe ɗan shafi ne na rubuta bashin kwastomomin Baba a Kantin Kwari. Yana aiki lafiya lau, sai dai har yau Baba bai yar da tsohon littafinsa ba, kullum da yamma sai ya sa na karanto masa sunayen yana gwadawa da nasa.